Ɗakin samfur na Enfield da Herbert Woodend

Sojan Ingila na da wata tsohuwar al'ada da kowane maƙeri zai gane nan take. In gwamnati ta amince da sabuwar bindiga, sai a ware guda ɗaya, a ɗaura mata takarda, a buga hatimi da jan danƙo, a ajiye. Ita ce samfur. Duk wadda aka ƙera daga baya da ita za a gwada, in ta saɓa a mayar wa ɗan kwangila kayansa. Inda aka tara waɗannan samfurori shi ake kira Pattern Room.

Abin ya kama ni ne saboda a maƙera na tashi, nan Tawa. Baba kan gyara wa maharba bindigogin toka, kuma ban taɓa ganin biyu da kunamarsu ta zo ɗaya ba. Kowace da halinta, sai an zauna an goge ƙarfe da magagari har ya shiga. Su kuwa Turawa so suke ƙusar da aka yi a Ingila ta hau bindigar da ke Indiya ba tare da gardama ba.

Ɗakin ya daɗe a masana'antar makamai ta Enfield, arewacin Landan. Da aka rufe ta a 1988 aka kwashe kayan zuwa Nottingham, a 2005 kuma aka miƙa su ga gidan tarihin makamai na Royal Armouries da ke Leeds. Wannan miƙawa ta ƙarshe, wanda ya fi kowa sanin kayan bai gan ta ba. Herbert Woodend ya mutu a 2003, bayan ya yi wajen shekara 30 yana riƙe da ɗakin. A hannunsa tarin ya haura bindiga dubu 10, don bai tsaya ga na Ingila ba: na Jamus, na Rasha, na gwaji da ba su taɓa zuwa fagen daga ba, duk ya nemo. Masu bincike kuma ba ta bayan gilashi suke leƙe ba, a kan miƙa musu bindiga su kwance ta, su auna. A ganina nan darajarsa take. Tara kaya mai kuɗi ma na iyawa.

Kada a ce son bindiga ne ya sa ni rubutu. Mu mutanen jihar Tawa mun san abin da ta yi a Tiliya a 2021, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma tarihinmu na cikin ɗakin nan, ko mun so ko mun ƙi. Bindigar Maxim mai ruwan harsashi da ita aka ci Sakkwato a 1903. Lee-Enfield mai cin harsashi 10 ita Hausawan sojan Ingila suka rataya har ƙasar Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu. Enfield ta 1853 kuwa, jita-jitar cewa an shafa wa harsashinta kitsen alade da na saniya na cikin abin da ya tunzura sojojin Indiya, Musulmi da Hindu, suka yi bore a 1857.

Mu da Faransa ta mallaka, namu sunayen daban ne, su Gras da Lebel. Ina fata wata rana a Gidan Tarihi na Bubu Hama a Yamai a samu wani irin Woodend, wanda zai ɗauko irin bindigar da ayarin Voulet da Chanoine ya shiga Birnin Konni da ita a 1899, ya nuna wa ɗalibai yadda ake ɗura ta, da ko sau nawa take tashi kafin maharbi ya gama cusa albarushi a tasa.