Waldar MIG a Panteka da Iskar Hunturu

Na daɗe ina walda da sanda a Panteka, kasuwar maƙera da tsofaffin ƙarafa, kafin in kama injin MIG, wanda ke turo waya da kansa ta bakin bindiga, wato abin da ake riƙewa a yi waldar, gas na biye da ita yana lulluɓe narkakken ƙarfe don kada iska ta taɓa shi. Hannu bai da wuyar sabawa, saitin ne ke ba mutum aiki.

Ga ƙarfe mai kaurin milimita 2, irin na ƙofa da taga, waya mai kaurin milimita 0.8 nake sawa, ƙarfin wuta bolt 17 zuwa 19, gas na kabon dayoksaid lita 10 zuwa 15 a minti ɗaya. Wayar da ta leƙo waje kada ta zarce milimita 10, bindiga kuma a ɗan karkata ta kaɗan. Da kunne nake gane saiti: in ya zauna, ƙarar tana tafiya ɗaya kamar ƙosai a cikin mai. In waya na tunkuɗe hannu baya, gudunta ya yi yawa. In tana narkewa ta manne a bakin bindiga na tagulla, gudun ya yi kaɗan, ko kuma igiyar bindigar ta lanƙwashe tana riƙe waya.

Abin da ya fi ɓata mini aiki shi ne hunturu. Yawancinmu a fili muke aiki, iska kuwa kwashe gas take yi, sai waldar ta fito da ƙananan ramuka kamar soso. Buɗe gas da yawa ba ya magani, asara ce kawai. Ko dai in kafa kwano ya tare iska, ko in sa waya mai hoda a cikinta wadda ba ta buƙatar gas. Amma wannan sai an juya wayoyin wuta na injin, bindiga ta koma nagatif, a riƙa jan ta baya, a kuma kankare dattin saman daga baya. Tsatsa da fenti su ma suna kawo ramukan, don haka nakan goge wurin har ya yi ƙyalli, har da inda zan maƙala wayar ƙasa, wadda ake kamawa a jikin ƙarfen don wuta ta zagaya.

Tabarau na kasuwa ba ya kare ido. Hular walda mai gilashi lamba 10 zuwa 12 ake sawa, in ba haka ba tsakar dare mutum zai farka kamar an zuba masa yashi a ido. Safar hannu ta fata, riga ta auduga mai dogon hannu, domin ta leda narkewa take a jiki. Tukunyar gas a tsaye, ɗaure da sarƙa. Hayaƙin ƙarfe mai rufin zinki yana sa zazzaɓi, sai a goge rufin a yi aikin inda hayaƙin zai samu hanyar fita. Tankin da ya taɓa ɗaukar fetur kuwa, ko an rantse mini an wanke shi, ba na kai masa wuta.