Daga kilo 34 zuwa kilo 15: kayan kwana a kan Boxer

Sai da na ɗora jakata a kan sikelin mai sayar da gas na unguwarmu na gane irin zaluncin da na yi wa babur ɗina. Kilo 34 ta yi. Dawowata ke nan daga Jos, tafiyata ta farko da niyyar kwana a fili, a kan Boxer mai injin 100cc.

Abin da ke ciki: tantin mutum huɗu da na aro, risho da kananzir, tukunya biyu, 'yar katifa, bargo biyu, ga jarkar ruwa lita 10. Na cusa su a Gana-mas-go, na ɗaure da roba a kan kariya, can baya, tsororo guda. Daga Kano zuwa Tudun Wada lafiya lau, hanya a shimfiɗe take. Da na wuce Saminaka aka fara hawa, sai na ji tayar gaba ba ta kama ƙasa sosai, kan babur yana rawa, duk tirelar da ta wuce iskarta sai ta so ture ni. Kafin Jengre jakar ta zame gefe ta kwanta a kan salansa. Ƙauri na ji. Bargo ɗaya ya ƙone.

Bakaniken da na tsaya wurinsa, dattijo ne, ya dubi ɗaurin ya ce, "Malam, ai ba yawan kayan kaɗai ba ne, inda ka ɗora su ne. Ɗan acaɓa yana ɗaukar buhun masara, amma a mazaunin fasinja yake aza shi." Gaskiyarsa. Duk nauyin da ya wuce tsakiyar tayar baya ɗaga gaban babur yake yi, in kuma ya yi sama sai ya riƙa rinjayar mutum a kwana. Tun ranar mai nauyi a bayana yake zama, manne da ni, marar nauyi ne kawai ke hawa kariya.

Da na tashi tafiya ta biyu, a watan Janairu, kowane abu sai da na auna shi. Risho da tukwane suka fara fita. Babu garin da za ka ratsa a hanyar nan ka rasa mai shayi ko mai ƙosai, kuma garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino da ɗan kilishi ba sa neman wuta. Ruwa kuwa lita ɗaya kilo ɗaya ce cif, don haka lita 3 na ɗauka, ina ƙarawa a kan hanya. Tantin na musanya da na mutum biyu mai kilo 2, ya ishe ni da jakata da hular kwano. Da zafi ma ba na ɗaukarsa: tamfol da gidan sauro sun wadatar, in ɗaure gefe ɗaya a jikin babur, ɗayan a bishiya.

Amma a wuri ɗaya na wuce gona da iri, kuma na ji a jikina. Na bar katifa, na tafi da tabarmar roba kawai. Jos tana kan tudu da ya haura mita 1,200, duwatsun Shere da na sauka kusa da su sun haura mita 1,800. Wajen ƙarfe uku na dare sanyi ya tashe ni. Ba ta sama yake shigowa ba, bargo yana nan a kaina, ƙasa ce ke tsotse ɗumin jikina ta baya da kwankwaso. Na shimfiɗa duk tufafin da ke jakar, har da rigar ruwa, duk da haka a zaune na jira kiran asalatu. Washegari na shiga kasuwar gwanjo ta Katako na sayi siririyar shimfiɗar soso da ake naɗewa, ko rabin kilo ba ta kai ba, da jakar barci. Akwai mai gashin agwagwa a ciki, ta fi sauƙin nauyi, amma in ta jiƙe ba ta riƙe ɗumi, kuma wanda ke kan babur ruwa yakan same shi, sai na zaɓi mai audugar roba. Daren nan barci na yi har gari ya waye.

Abin da ban taɓa ragewa ba shi ne kayan gyara: sifana, filaya, fulogi, tif na gaba da na baya, kayan faci, ƙaramin famfo. Kilo biyu da ɗoriya suke, kuma ban taɓa jin haushinsu ba. Dajin Falgore ba wurin da mutum zai so faci ya tsayar da shi ba ne, da rana tsaka nake wuce shi, ba na tsayawa. Haka nan ba na kafa tanti a ko'ina sai na gaida mai unguwa na gaya masa daga inda nake, shi zai nuna mini wuri, sau da yawa a gefen masallaci ko makarantar firamare.

Yanzu kayana kilo 15 ne har da ruwa. Na sa an ɗinka mini jakunkuna biyu na tamfol da ke rataye a gefe da gefe, aka yi wa ta ɓangaren salansa kariyar ƙarfe don kada ta taɓa. Bargon da ya ƙone na yanke shi biyu, rabin da ya tsira shi nake naɗe kayan gyara a ciki don su daina ƙara a gargada.