Darussan da muka koya wajen mayar da kwamfutar gem kan Linux a Kano

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, masu gyaran kwamfuta a Kano suke shan tambaya a kan Linux, wato tsarin gudanar da kwamfuta da ake iya sakawa a madadin Windows. Dalilin a bayyane yake. Da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ake sayarwa a Beirut Road da Farm Centre suna ɗauke da firosesan Intel ƙarni na 6 ko na 7, alhali Windows 11 tana son ƙarni na 8 zuwa sama tare da guntun tsaro na TPM 2.0. Ga mai rubutu da shiga intanet kawai, sauyawar ba ta da wahala. Mai buga gem ne sai an zauna da shi tukuna, kuma abin da za a fara tambayarsa shi ne sunan wasannin da yake bugawa, ɗaya bayan ɗaya, kafin a taɓa faifansa.

Galibin wasannin kwamfuta don Windows aka rubuta su. Abin da ke sa su tashi a Linux shi ne Proton, wanda kamfanin Valve ya fitar a 2018 a cikin Steam, manhajarsa ta saye da buga wasanni. Proton tafinta ne: wasa yana magana da harshen DirectX, shi kuma yana mayar da maganar zuwa Vulkan, wanda katin hoto ke ji a Linux. Ɓangaren DXVK ne ke kula da DirectX 9 zuwa 11, VKD3D-Proton kuma na DirectX 12. Tun fitowar Steam Deck a 2022 aikin ya inganta ƙwarai, har wasanni irin su Elden Ring da Cyberpunk 2077 da The Witcher 3 suna tashi ba tare da wani kwaskwarima ba. Counter-Strike 2 da Dota 2 ma ba sa bukatar tafintan, don suna da nasu na Linux.

Inda gizo ke saƙar shi ne manhajar hana maguɗi. Wasu kamfanoni suna dasa ta ne a can cikin ƙashin Windows, kuma Proton ba ya iya kwaikwayon wannan wurin. Valorant da League of Legends da Fortnite da PUBG na kwamfuta da sababbin Call of Duty duk ba sa aiki. Apex Legends ya yi aiki a da, sai aka rufe ƙofar a ƙarshen 2024. GTA V labarinsa na mutum ɗaya yana tafiya lafiya, amma GTA Online ya daina tun da aka saka masa manhajar hana maguɗi ta BattlEye a watan Satumban 2024. Wanda ya fi shafar matasan Kano shi ne ƙwallo: daga FIFA 23 zuwa duk jerin EA Sports FC, babu wanda ke tashi. Babu umarnin da za a rubuta ya gyara wannan, hukuncin kamfani ne. Saboda haka mai gidan gem da FC ke kawo masa ciniki, a gaya masa gaskiya ya zauna a inda yake. Sauran wasanni kuwa a duba sunansu a ProtonDB, shafin da masu wasa ke ba da rahoton yadda kowane wasa ke tafiya a Linux. Platinum da Gold alama ce mai kyau, Borked kuma ba ya tashi sam. A karanta rahoton da ya fi kusa a kwanan wata, kuma na mai kati irin na mai kwamfutar, don sabuntawa ɗaya tana iya juya labari.

Bayan wasa sai kati, kuma a nan ne kayan gwanjo suka fi yaudarar mutane. Daga Proton 8 zuwa sama ana bukatar katin da ke iya Vulkan 1.3. Katunan AMD irin su RX 570 da RX 580 su ne mafi sauƙin sha'ani, domin direbansu, wato manhajar da ke sarrafa katin, yana cikin tsarin tun daga girkawa, babu abin da za a sauke. Na NVIDIA suna aiki, sai dai dole a saka direban kamfanin. Buɗaɗɗen direban da ke zuwa da tsarin, wato Nouveau, ba ya iya ɗaga gudun katunan GTX 900 da GTX 1000, shi ya sa za ka ga GTX 1060 yana jan ƙafa har mutum ya ɗauka Linux ce ba ta da ƙarfi. A Linux Mint ana buɗe Driver Manager a zaɓi wanda aka ba da shawara, a sake kunna na'ura. Tsofaffin NVIDIA irin su GT 710 da GTX 660 da GTX 760 direbansu ya tsaya a lamba 470, wanda bai kai Vulkan 1.3 ba. Haka laftof masu Intel ƙarni na 3 da na 4, Vulkan ɗinsu rabi-da-rabi ne. Alamar ita ce a danna Play, maɓallin ya canja launi na ɗan lokaci, ya koma yadda yake, babu wani saƙo. Maganin farko shi ne a shiga Properties na wasan, a ƙarƙashin Compatibility a tilasta masa Proton 7. In ya ƙi, a rubuta PROTON_USE_WINED3D=1 %command% a wurin Launch Options, wanda zai bi ta OpenGL. Zai tashi amma da nauyi, kuma wasannin DirectX 12 ba sa cikin wannan rangwamen.

Akwai abubuwan da ake iya gwadawa kafin a goge komai. Filashi mai 8GB ya isa. A saka masa Linux Mint ta hanyar Rufus ko Ventoy, a kunna kwamfuta daga kansa: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo. Daga nan a duba sauti da Wi-Fi da hannun gem. Hannun PS4 da na PS5 da na Xbox mai waya suna aiki da zarar an jona. In Wi-Fi bai bayyana ba, sau da yawa katin Broadcom ne, sai a jona wayar Android da kebul a kunna USB tethering har a sauke direbansa. Umarnin vulkaninfo --summary, bayan an saka vulkan-tools, zai nuna Vulkan ɗin da katin AMD ko Intel ke iyawa.

Shawararmu ga kusan kowa ita ce a bar Windows a gefe, kada a goge ta. In akwai ramin SSD na biyu, a ba Linux nata faifan. In babu, a rage girman Windows daga Disk Management nata. Kafin nan abubuwa uku ne ba a tsallakewa. A adana lambar ceto ta BitLocker, makullin faifai na Windows, domin laftof ɗin ofis da suka zo daga Turai wasu a kulle faifansu yake, kuma sauyi kaɗan a BIOS yana sa ta nemi lambobi 48 da mai ita bai taɓa gani ba. A kashe Fast Startup, don ba ya barin Windows ta mutu sosai, sai Linux ta tarar da faifan a riƙe ta kasa rubutu a kai. Na uku, in manhajar girka Linux ta ce ba ta ga faifai ba, a duba BIOS: Intel RST ne ke kunne maimakon AHCI. Kada a sauya shi kai tsaye, Windows za ta ƙi tashi. A fara sa ta shiga Safe Mode, a sauya, ta tashi sau ɗaya a haka, sannan a mayar da ita yadda take. Mai NVIDIA da Secure Boot a kunne kuma zai ga wani shuɗin allo na MOK, inda ake amincewa da direban, bayan girkawa. Ya zaɓi Enroll ya saka kalmar sirrin da ya rubuta lokacin girkawa. Wanda ya tsallake shi, direbansa ba zai loda ba.

Batun data ne waɗanda ke rubuta darussan Linux a ƙasashen waje ba sa kawowa a ka. Wasan zamani ɗaya yana iya wuce 100GB, ba wanda zai so sake saukewa da kuɗinsa. Abin da mutane ke yi shi ne su nuna wa Steam na Linux tsohon faifan NTFS, wato na Windows, da wasannin ke ciki. Wani lokaci ya yi, sau da yawa kuma wasa ya ƙi tashi, saboda Proton yana ƙirƙirar mahaɗan fayil masu suna irin c: da d:, kuma Windows ba ta yarda da irin wannan sunan ba. Hanyar da ba ta ba da kunya ita ce kwafa. A ɗauki jakar wasan daga steamapps/common tare da fayil ɗinsa na appmanifest mai ƙarewa da acf, a zuba su a steamapps na faifan ext4, wato na Linux, a rufe Steam a sake buɗewa, sannan a sa ta tantance fayilolin. Abin da ya ɓace kaɗai za ta sauke. A yi kasafin shi kansa Proton da Steam Linux Runtime, tare suna iya haura 1GB. Sai Shader Pre-Caching da ke cikin Downloads, wanda ke jan data a ɓoye kusan duk sabuntawa. Mai katin da ke da sabon direba zai iya kashe shi, abin da zai gani bai wuce ɗan sarƙewa a mintunan farko na wasa ba.

Data da wuta su ne kuma ke yanke hukuncin wace Linux za a zaɓa. Bazzite an gina ta don gem, kuma tana da wata fa'ida a garin da ake ɗauke wuta babu sallama: sabuntawarta ba ta hawa sai ta kammala, in wuta ta tafi a tsakiya tsohon tsarin na nan daram. Kuɗin wannan shi ne saukewa masu nauyi. Mint 22 ta fi tausayin data, tana da tallafi har 2029, amma in aka yanke ta tana tsakiyar sabuntawa tana iya rikicewa. Shi ya sa ake kunna Timeshift, mai adana kwafin tsarin don a iya komawa baya, tun ranar farko, kuma ba a sabunta kwamfutar tebur sai da UPS ko inbata. In abin ya riga ya faru, sudo dpkg --configure -a sannan sudo apt -f install suna warware mafi yawansa. Masu irin Arch da ke sabuntawa kullum, ba ma ba sabon shiga shawararsu.

Wani zargin da ake ɗora wa Linux kuma na yanayi ne. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, sai bazara ta zo daga Maris zuwa Mayu da zafin da ke haura digiri 40. Wasa ya fara lafiya, bayan kwata ɗin awa ya soma tsinkewa. A saka MangoHud, mai nuna bayanan na'ura a kan allon wasa, a rubuta mangohud %command% a Launch Options, a sa ya nuna zafi. In firosesa na taɓa digiri 95, rage gudu yake yi don ya tsira. A buɗe a hure ƙura, a sauya man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi, a kuma ƙayyade hotuna zuwa 40 ko 45 a daƙiƙa da fps_limit. A laftof mai kati biyu a tabbatar wasan na kan NVIDIA ne, MangoHud na iya nuna sunan katin da ke aiki.

Wasannin shagunan Epic da GOG ana buga su ta manhajar Heroic, sauran kuma ta Lutris. Waɗanda ake turawa a filashi a kasuwa fa, kada wani ya ce Linux ba ta kamuwa da cuta. Wine, tafintan da ke tafiyar da manhajojin Windows a Linux, yana nuna wa manhajar Windows dukkan fayilolinka a matsayin faifan Z:, don haka ɓarawon da aka ɓoye a cikin fayil ɗin girka wasa yana iya karanta takardunka kamar yadda zai yi a Windows.

Akwai ƙaramin abu da kusan duk mai Windows da Linux a kwamfuta ɗaya zai ci karo da shi. Bayan ya fito daga Linux ya shiga Windows, sai ya ga agogo ya koma baya da awa ɗaya cif, har wasu su je sauya batirin cikin na'ura. Batirin lafiyarsa ƙalau. Linux tana ajiye agogon na'ura a kan lokacin UTC, Windows tana ɗaukarsa lokacin gida, Najeriya kuma tana gaban UTC da awa ɗaya. A buɗe taminal a Linux a rubuta timedatectl set-local-rtc 1, sannan a gyara agogon Windows sau ɗaya.