Wane wasa ne ya cancanci kuɗin shiga gidan kallo?

Sunan ƙungiya kaɗai ba ya sa wasa ya yi daɗi. Kafin ka biya kuɗin shiga, dubi teburin gasa, ka ga mai neman maki ido rufe. A Firimiya ta Ingila ƙungiyoyi uku na ƙasa ne ke faɗuwa, shi ya sa daga Afrilu karawar ta 17 da ta 18 ta fi ta manya biyu da ba su neman komi zafi.

Sai jerin ƴan wasa, wanda ke fitowa kamar awa ɗaya kafin a take. In babbar ƙungiya na da Kofin Zakarun Turai ranar Talata, koci kan ajiye gwanayensa a benci ranar Asabar. Wannan kofin ma ya sake tun 2024: ƙungiyoyi 36, kowace wasa 8, takwas na sama su wuce zagaye na gaba kai tsaye, na 9 zuwa 24 su sake fafatawa. Daren ƙarshe na waɗannan wasanni, a ƙarshen Janairu, da ake buga duka a lokaci guda, kar ya wuce ka.

Agogo ne ke yaudarar mutane a nan Damagaram. Wasan Zakarun Turai na ƙarfe 9 na dare yana komawa ƙarfe 8 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, don Turawa na canza agogonsu, mu ba ma canzawa. Lokacin sanyi kuma, wasan yammacin Asabar na Ingila da ke farawa 6:30 yana cin karo da magariba.

Ka tambayi mai gidan kallo ko injinsa na da mai.