Alkamar da maigida yake yabo da wadda uwargida take nema

A arewacin jihar Kaduna, musamman ƙauyukan da ke bakin kogin Galma daga wajen Zariya zuwa Soba, alkama amfanin rani ce. Ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba domin ta sha sanyin hunturu, a girbe ta wajen watan Maris kafin zafin bazara ya kankama. Kaduna ba ta kai Kano ko Jigawa noman alkama ba, amma masu ƙananan gonaki a fadama suna taɓawa, kuma a gidajensu ne na lura cewa irin da namiji yake yabo ba lallai ne ya zama shi matarsa take so ba.

Lissafin maigida a fili yake. Shi ne ya sayi taki, shi ne yake zuba fetur a injin ban ruwa tun daga shuka har alkama ta bushe, saboda haka tambayarsa ta farko ita ce buhu nawa gonar za ta ba shi. Yana son iri mai gajeren kara wanda ba ya kwanciya idan ya ƙoshi da taki, mai nuna da wuri kafin zafi ya tsotse ƙwayar ta motse, wanda kuma dillali ba zai taya shi da wulaƙanci ba. Ire-iren da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar, kamar Norman da Reyna da Atilla, a kan wannan ma'auni aka fi tallata su. Shi Norman ɗin ma sunan Norman Borlaug aka sa masa, masanin nan ɗan Amurka da ya samu kyautar Nobel a 1970 saboda aikinsa a kan alkama mai gajeren kara da yawan yabanya.

Ita uwargida kuwa, nata hukuncin yana farawa ne daga inda nasa ya ƙare. Ita ce za ta sheƙe, ta tsince tsakuwa, ta wanke, ta shanya, ta aika inji, sannan ta tankaɗe, kuma a rariya take gane ko mudu guda ya ba ta gari ne ko rabinsa dusa ce. Ƙwaya cikakkiya mai nauyi ta fi mata motsattsiya, komai yawan buhunan da aka loda. Bayan haka sai maganar danƙo, wadda a ganina ita ce gundarin saɓanin. Mai yin taliyar Hausa tana kwaɓa gari da ruwa da ɗan gishiri, ta murza a ƙaramin injin hannu, ta rataya silin a kan igiya a tsakar gida. Idan garin ba shi da danƙo, tun kafin taliyar ta bushe za ta ga tana tsinkewa tana zubowa ƙasa, abin da ya rage kuma ya dagargaje a tukunya. Mai fankasau da mai alkubus suna son ƙullun da zai tashi ya riƙe iska. Mai alkaki kuwa ɓarzajjiyar alkama take aiki da ita, kuma tana son wadda za ta naɗu a hannu ba tare da ta kakkarye ba, domin alkakin gara abu ne da dangin ango za su ɗaga su duba. Launi ma yana da nasa matsayi, tunda farar alkama ta fi ba da gari mai haske, masu saye kuma da ido suke fara ciniki.

Shi ya sa za ka ji mace ta ce wa mijinta, "Malam, wannan alkamar ta bana ba ta da danƙo, baɗi a nemo irin bara." Shi kuma ya amsa mata da cewa ai buhu ne yake biyan kuɗin taki. Kowannensu yana da gaskiya, sai dai muryar ɗaya ce kawai take isa kunnen masu raba iri.

Ban yarda cewa wannan bambanci halitta ce ta maza da mata ba. Aikin da kowa yake yi ne ya raba su. Matar da mijinta ya rasu ta riƙe gonarsa, ko wadda take ba ɗanta jari yana noma mata, tana ƙirga buhu kamar kowane manomi, har ma takan fi damuwa da irin da zai yi haƙuri da ƙarancin taki, saboda hannunta bai cika kaiwa ga bashi ko tallafi ba. Irin wannan matar tana kuma daraja abin da za ta iya ajiyewa ta sake shukawa, alkama kuwa tana ba da wannan dama domin furenta da kansa yake yi wa kansa barbara, don haka iri ba ya saurin gurɓacewa muddin ba a gauraya shi a masussuka ba. Haka nan namijin da yake gasa gurasa ko burodi, maganarsa ɗaya da ta mai taliya.

Inda gizo yake saƙa shi ne yadda ake gwada sabon iri. Akan kafa gonar gwaji, a tara manoma ranar baje koli, a tambaye su wane layi ya fi burge su. Mahalarta kusan duk maza ne, malaman gona ma galibi maza ne, matan da ke cikin kulle kuwa ba za su zo bakin fadama ba. Sai a zaɓi iri da ganin zangarniya, ba wanda ya kwaɓa garinsa.

Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne idan aka duba inda alkamar gida take ƙarewa. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, bayan wasu shekaru aka janye hanin, kuma har yau mafi yawan abin da manyan kamfanonin fulawa suke niƙawa daga waje yake zuwa. Kaso mai yawa na wadda ƙaramin manomi ya noma a kasuwar ƙauye ake auna shi mudu-mudu, masu sayen kuma su ne matan da ke sana'ar alkaki da taliya da fankasau a cikin gida, yara suna kai musu talla. Irin da suka ƙi, farashinsa zai faɗi ko da ya cika rumbu.

Zariya tana da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da cibiyar wayar da kan manoma ta ƙasa, duka a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, saboda haka masana ba su yi wa waɗannan ƙauyuka nisa ba. Abin da nake ganin ya kamata shi ne, kafin a yaɗa kowane iri, a auna mudu biyu ko uku na kowanne a shigar da su gidaje ta hannun malamar gona mace, a bar masu sana'ar su niƙa su dafa, sannan a rubuta abin da suka faɗa a takarda ɗaya da adadin buhunan da aka samu a gona.