Wasiƙa daga Boston: matan da ke bin sawun sadakarsu

Assalamu alaikum 'yan'uwana na gida. Ina fata kowa yana lafiya. Gaisuwar ɗaya bayan ɗaya ku bar ta sai na zo, don tambayoyinku sun taru. Wasu na son jin yadda ake samun makaranta a nan, wasu batun abinci, amma tun ranar da na gaya wa Yaya cewa wata dattijuwa Bayahudiya nake yi wa jinya, tambayar da ta fi yawa ita ce: wai yaya mutanen nan suke? Zan taɓa duka in Allah ya yarda.

Sai dai ku bari in fara da sanyi, don shi ne a jikina yanzu. Hunturun da muke kuka da shi a gida, mu hura wuta da asuba mu shafa man kaɗe, kafin hantsi ya sake mu. Na nan ba ya saki. A watan Disamba, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci ake Magariba, kina idar da La'asar duhu na shigowa. Idan dusar ƙanƙara ta zuba, doka ce mai gida ya kwashe ta bakin ƙofarsa, in ya ƙi a ci shi tara. Gishiri ake barbaɗawa a kan titi don kada a zame, shi ya sa takalman kowa suka yi fari fat. Iskar da ke tasowa daga teku kuwa, in ta same ki a tashar bas, kunnuwanki ba za ki san naki ba ne. Riga huɗu nake sakawa kafin in ɗora mayafi, kuma duk da haka sai na yi ta kewar ranar Maris da muke gudu.

A cikin wannan sanyin na iske ɗiyar dattijuwar ta baza akwati a falo, za ta bi ayarin mata zuwa birnin Haifa na ƙasar Isra'ila. Na ɗauka yawon buɗe ido ne. Uwar ce ta sa na ɗauko mata wani kundin hotuna, ta yi mini bayani. Yahudawan Boston suna da babbar ƙungiyar tara taimako, kuma sun ƙulla zumunci na dindindin da garuruwa biyu: Haifa, da kuma Dnipro ta ƙasar Yukiren, wadda suka fara hulɗa da ita bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991. Haka sauran biranen suke, kowanne da nasa. Na Baltimore suna da Ashkelon da Odesa, na Cleveland suna da Beit She'an. Ita dattijuwar ta je Dnipro tun ƙafafunta na ɗaukarta. Ta nuna mini asibitin mata, da gidan tsofaffi, da cibiyar yara masu buƙata ta musamman. Ta san sunayen ma'aikatan. Ta ce zuwan farko ta ga abin da babu, zuwa na biyu ta je ganin ko abin da aka saya yana aiki. Da yaƙi ya ɓarke a Fabrairun 2022, ba sai da suka tsaya neman wanda za su ba amana ba, lambobin waya na hannunsu shekara da shekaru.

Tzedaka suke kiran abin, kuma da ta faɗi kalmar sai da na ɗago kai, don tushenta ɗaya da sadakarmu. Malaminsu Musa ɗan Maimun, haifaffen Kurɗuba wanda ya rasu a Masar a 1204, ya kasa ta mataki takwas, mafi ɗaukaka shi ne a ba mutum rance ko sana'a har ya daina buƙatar kowa. Matan kuma da sunansu suke bayarwa, ko da mijin ya ba da nasa. A 1972 wasu mata biyu a Miami, Norma Kipnis-Wilson da Toby Friedland, suka fara wani tsari: duk macen da ta ba da dala 5,000 a shekara, sai ta maƙala ɗan zakin zinare a ƙirji. Akwai na ƙasa da shi, mai alamar rumman, na dala 1,800. Za ku ga 18 tana yawan fitowa a kyautarsu, 36, 180, saboda harufan kalmar rai a Ibrananci lissafinsu 18 ne. Gaskiya zakin nan bai kwanta mini ba, mu da aka koya wa kada hagu ta san abin da dama ta bayar. Na faɗa mata haka. Ta ce shi ma ɗan Maimun ɓoyewa ya fifita, amma zakin yana sa wata matar ta yi tambaya, daga tambaya sai ta shigo.

Tafiyar ma tana da asali. A 1909 wata Bayahudiyar Amurka, Henrietta Szold, ta je Ƙudus tare da mahaifiyarta, suka ga yara ƙudaje sun rufe musu ido, amosanin ido na makantar da su. Ta dawo ta kafa ƙungiyar Hadassah a 1912, shekara na zagayowa suka aika malaman jinya biyu. Yau akwai manyan asibitoci biyu a Ƙudus da wannan suna.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne takardu. Ni da takardun ƙasar nan suka gajiyar, na haya, na inshora, na haraji da dole a cika kafin 15 ga Afrilu, ban taɓa zaton sadaka ma tana da nata ba. Matar tana cika katin alkawari a farkon shekara: zan ba da kaza. Tana biya, a aiko mata da rasit. Duk kyautar da ta kai dala 250, sai da shaidar ƙungiyar a rubuce hukuma ke rage wa mutum haraji a kanta. Ita ƙungiyar kuma duk shekara sai ta miƙa wa gwamnati bayanin abin da ya shigo da abin da ya fita, har albashin manyanta, kuma kowa na iya dubawa a intanet. Kafin tafiya an ba 'yar dattijuwar jadawali: ranar kaza gidan iyalan da suka yi ƙaura daga Habasha, ranar kaza makaranta. Kuɗin jirginta daga aljihunta ya fita. Idan sun dawo sai su zauna su ba waɗanda ba su je ba labari, a tattauna abin da za a ƙara da abin da za a dakatar. Dattijuwar tana da fayil na rasit da ya girme ni.

Daren nan na kasa barci. Shekara uku ke nan da mu matan garinmu da ke nan muka yi karo-karo don rijiyar burtsatse. Mun tura kuɗin, an turo mana hoto ɗaya na injin haƙa, daga nan shiru. Ba na zargin kowa da cin amana, wataƙila an haƙa ba a samu ruwa ba. Amma mu kunyar tambaya muke ji, wanda aka ba wa kuma yana ganin neman rasit rashin yarda ne. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani umarni ne a rubuta bashi. Kyauta ba ta yi mana kaɗan ba, ko uwar adashi a unguwarmu ta san wanda ya zuba da wanda bai zuba ba. Abin da ya rage shi ne mun watsa hannu, yau marayu a can, gobe masallaci a nan, babu inda muka tsaya har aka san fuskarmu.

Na san abin da ke ran da yawanku. Gaza na raina ni ma, na yi kuka a kan yaran nan kuma ina yi, ita ma dattijuwar ta san matsayina don ban ɓoye mata ba. Akwai ranakun da muke kashe talabijin mu yi shiru. Wannan bai hana ni ganin yadda suke riƙon nasu ba, kuma ina so mu riƙi namu haka.

Batun abinci, akwai naman halal, ana samun garin masara da kuka a shagunan 'yan Afirka, daddawa ce dai ba ta kai ta gida ba. Na makaranta kuma sai wasiƙa ta gaba, don shi ma takardu ne tuli.

Yaya, ga roƙona. Ki je ƙaramin asibitin bayan kasuwa ki nemi babbar ungozoma, ki tambaye ta abu uku da suka fi buƙata, ta rubuta da hannunta har da farashi. Mu tara ne a nan da muka amince za mu tsaya a kan wannan asibitin kaɗai na shekara biyar. Bayan Babbar Sallah biyu daga cikinmu za mu zo, kuma kafin mu fara zagayen gaisuwa, can za ki fara kai mu. A gaishe da Inna.