Iska ta ɗage kwanon ɗakin Inna

Farkon daminar bana iska ta yi mana aika-aika a ƙauye. Irin mai jan ƙurar nan da ke riga ruwan fari zuwa, cikin dare ta ɗage kwanon ɗakin Inna da katakon da komai, da safe a gonar maƙwabta aka tsinto shi ya nannaɗe kamar tabarma. Alhamdulillahi ba wanda ya ji ciwo. Amma da na shiga kasuwa na tambayi kuɗin bandir ɗin kwano, na ɗora katako da ƙusa da kuɗin kafinta a kai, wallahi sai da na nemi benci na zauna.

Ina cikin wannan lissafin ne wani abokina direban tirela da ke kai kaya Burkina Faso ya turo min bidiyo ta WhatsApp, yace kai mai kukan kwano zo ka ga yadda wasu suka huta. Ɗaki ne na ƙasa zalla, rufin a lanƙwashe kamar an kifa kwalekwale, ba kwano ba katako ba rodi, ko azara ɗaya babu. Nace wannan ai ruwan farko zai zubo musu shi a ka. Sai dai abin ya ƙi fita a raina, na kwana ina bincike har data na ya ƙare.

Ashe wata ƙungiya ce ke bayan abin, AVN, wato Association la Voûte Nubienne. Mutum biyu ne suka faro ta a garin Boromo na ƙasar Burkina Faso, wani magini Bafaranshe Thomas Granier da wani manomi ɗan garin mai suna Séri Youlou, a shekarar 2000 suka kafa ta bayan sun ɗan jima suna gwaji. Salon ginin ba nasu bane, na mutanen Nubiya ne can kudancin Masar da arewacin Sudan tun zamanin kaka da kakanni, kuma wani masanin gine-gine ɗan Masar Hassan Fathy ya taɓa farfaɗo da shi a shekarun 1940 kusa da Luxor. Abin da su suka yi shi ne suka sauƙaƙa shi yadda manomin da bai taɓa zama a aji ba zai iya koya a bakin aiki.

Yadda ake yi ɗin ma abin kallo ne. Ana zuba harsashi da dutse, a ta da bangon tubalin ƙasa mai kauri kamar santimita 60, faɗin ɗakin kuma ba ya wuce mita 3 da 'yan kai, tsawo ne dai sai yadda ka ga dama. Sai a ja waya a tsakiyar ɗakin daga wannan bango zuwa wancan, a ɗaura mata igiya, ita igiyar ce ma'aunin lanƙwasar, magini yana ɗora ƙananan tubala falan-falan a karkace, layin farko ya jingina da bangon ƙarshe, na biyu ya jingina da na farko, haka dai har a rufe, ba wani abu da ke tallafe da su daga ƙasa sai laka da nauyin junansu. In an gama a shimfiɗa leda a sama a bi ta da yaɓe. Shikenan.

To amma ni ba ginin ne ya fi kama ni ba. Tsarin ne. Mutanen nan basa raba gidaje kyauta, kuma maginan ba ma'aikatansu bane da ke jiran albashi ƙarshen wata. Takensu ma kalma uku ne, rufi da sana'a da kasuwa. Mai son ɗaki shi zai yi ciniki da magini ya biya shi, sau da yawa shi da iyalinsa ne ke haƙo ƙasa su ɗebo ruwa su buga tubali su yi leburanci, sai kuɗin da zai fita aljihu ya ragu sosai, wanda ya fita ɗin ma a garin zai tsaya maimakon ya tafi wajen dillalin kwano da siminti. A wajen aikin kuma magini na da yaransa masu koyo, yaron bana in ya ƙware gobe shi ma ya kama nasa kwastoman ya ɗauki nasa yaran. Aikin ƙungiya kawai ta horar, ta duba inganci, ta zaga ƙauyuka tana tallata abin har masu nema su yi yawa. Kuma da rani ake yin ginin, daidai lokacin da matasanmu ke ɗaure kaya su tafi ci-rani Legas ko Abuja su yi achaba da turin baro. Yanzu gine-ginensu sun kai dubbai a Burkina da Mali da Senegal da Benin da arewacin Ghana.

Mun dai ga yadda na kyauta ke ƙarewa. A zo da jiniya a yanke ƙyalle, a ɗau hoto, gidajen da aka ce na talaka ne a ƙarshe mai hanya ne ke ciki, in ƙofa ta ɓalle kuma ba wanda ya san wa zai kira.

Na kai wa Kawu bidiyon, shi tsohon magini ne, tun ina yaro da laka nake ganinsa a ƙafa. Ya kalla shiru sannan yace, ɗan nan ai wannan ƙanen bakan gizo ne, wato rufin soron nan mai lanƙwasa na maginanmu. Nace Kawu ai na bakan gizo da azara a ciki, wannan babu. Yace ya sani, kuma azarar ce ta kashe sana'ar tasu, giginya ta yi wuya ta yi tsada, ga mutane sun ɗauka gidan ƙasa tambarin talauci ne, saurayi ba zai kai amarya soro ba ko da kuwa kwanon zai gasa ta da bazara ya daskarar da ita da hunturu. Ni dai kunya ta kama ni, don ni ma da aka ce a gyara wa Inna ɗaki kwano ne kawai ya zo min a rai. Mu da muke da masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa tun ƙarni na 19. Makwabtanmu Nijar ma tun shekarun 1980 wata ƙungiya Development Workshop ta riƙa koya wa magina ginin da ba itace.

Ba wai nace abin ba shi da aibu ba fa. Ƙasa tana son kula, in ka bar yaɓe ya zaizaye ko indararo ya toshe ka ja wa kanka, kuma ba gini bane na inda ruwa ke kwanciya ko inda damina ta cika yawa. A cikin birni irin Kano ma ina zaka haƙi ƙasa? Sai ka sayi tifa, ka sayi ruwa wajen mai garuwa, ga bango mai kauri yana cin fili a fulotin da da ƙyar ka samu, to arahar ta fara gudu kenan. Kuma magini rabin gwani ya fi komai haɗari a irin wannan rufin, shi yasa nake ganin ba abin da mutum zai kalla a waya ya tashi ya kwaikwaya bane.

Ɗakin Inna dai kwanon muka saya, da bashi, don hadari na haɗuwa kullum kuma ba a ginin ƙasa cikin ruwa. Ranar da kafinta ke bugawa ina tsaye sai ga Kawu ya dogaro sandarsa, yace in sake kunna masa wajen igiyar nan. Sau uku na maimaita masa. Ya tsuguna a gindin darbejiya yana zana rabin da'ira a ƙasa da bakin sandar, ya ɗago yace, in Allah ya kai mu kaka a nemo masa waya mai kauri da yara biyu, da ɗakin akuyoyi zai fara.